Miyar da Aka Ja wa Numfashi

Ina shekara tara a Giza, wata maƙwabciyarmu 'yar Masar ta shigo koya wa Umma mulukiya, miyar lalonsu. Da za ta juye soyayyar tafarnuwa cikin tukunya, sai ta zare ido ta ja numfashi, "Hiii!" kamar ta ga maciji.

Umma ta damƙe hannuna ta raɗa min, "Me ta kira mana cikin miya?"

Matar ta ce al'adarsu ce, in ba haka ba miyar ba ta yauƙi.

Tana fita Umma ta zubar. "Khalas, shi ke nan, ba da 'ya'yana ba."

Ƙamshin ya wuni yana ja min rai. Yau in ina dafa miyar ni ma ina jan numfashin, amma sai na leƙa na ga Umma ba ta kusa.