Hanyar Yashi Zuwa Tsibirinsu

Sau biyu a rana ruwan teku ke janyewa daga wannan lungu da duwatsu suka kewaye, sai siririyar hanyar yashi ta fito har tsibirin su Taegil. Yau ce ranar da zai kai budurwarsa Seonok ta gaida mahaifiyarsa. Ta ci kwalliya, ta rungumo ƙunshin wainar shinkafar da ta yi da hannunta.

Amma Taegil ya ƙi tashi daga kan dutsen da yake zaune. Sai labarin ragarsa da ta yage yake ja mata, idonsa na kan ruwa.

"Yaya, mu tafi mana. Ruwa ya fara dawowa."

"Da sauran lokaci."

Tana kallo kumfa ta lashi tsakiyar hanyar, ta koma, ta sake zuwa ta rufe ta ruf. Sai lokacin ya sauke ajiyar zuciya.

"Kash, mun makara. Sai wata rana."

Seonok ta juyo ta ƙura masa ido. "Kai fa masunci ne, Taegil. Ko barci kake ka san lokacin ruwan nan. Me mahaifiyarka ta ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta kai ranakun haihuwarmu wurin mai duba. Wai in na aure ki, ruwa ne zai ci ni."

"Kai kuma me ka ce mata?"

Ya mayar da idonsa kan ruwa.

Ta yi 'yar dariyar da ta fi kuka ciwo. "Ashe ko korata ba za ka iya da bakinka ba, sai da ka jira ruwa ya yi maka."