Giɓin Surukuta

Tun da aka hana faɗa da hannu, rigimar ruwa a kan allon wasa ake raba ta. Kowa da ɗan mutum-mutuminsa na itace, a jefa ƙwaya mai lamba, wanda nasa ya faɗi famfon gidansa ya daina gane hannunsa. Ni Baba Ɗangoggo ko bihim ban sani ba, amma nawa bai taɓa kai ƙasa ba.

Ranar da muka kara da Unguwar Maƙera a kan rijiyar tsakiya, ni ne mai garkuwa a sahun gaba. Mai maganinmu Iliya, mijin 'yata, doka ta ce sai ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni maganinsa zai kama. Sai ga yaron nan Iliya ya ajiye ɗan mutum-mutuminsa gefe, ya bar gida guda tsakaninmu.

Na ce, "Kai, matso!"

Ya sunkuyar da kai. "Baba, ai da kunya. Ina ni ina gogar kafaɗar suruki?"

"Itace ne fa! Kunyar za ka ba 'yata ta sha?"

Jagoran Maƙera ya tuntsire da dariya, ya cusa dodonsu na itace cikin giɓin. Alƙaliyar wasan ta leƙa allo, ta ce dodo ya shiga tsakanin mutum biyu, dukan gaba da baya ninki ne. Muka rufe shi, ya kife.

Dama tarko na ɗana, kowa ya sani. Yanzu unguwanni na turo mutane neman dabarar. Nakan ce ba a koyar da ita, sai mutum ya yi suruki mai tarbiyya tukuna.