Iskar Ƙasan Rijiya

Naushin Baba ne ya kayar da ni a bakin rijiyar da muke haƙa. Ƙanena na can ƙasa a sume, ni kuma zan bi shi.

"Sake ni, Baba!"

Ya ƙara mini wani, har na tofar da haƙori. Ya zura fitila, tun a rabi ta mutu.

"Ka gani, shashasha? Iskar da ta kashe wuta, huhunka za ta ƙyale?"

Ya danƙa mini igiya, ya cika ƙirji, ya riƙe numfashi, ya sauka.

Da igiyar ta girgiza, na ja. Ƙanena ne ɗaure, yana tari.

Na sake jefa ta. Har yau ba ta girgiza ba.