Butar da Na Hau Dutse da Ita

Masana tarihi sun cika littattafai da yabon waɗanda suka ci birane da yaƙi, amma ba wanda ya rubuta ranar da na hau duwatsun Wales riƙe da buta.

Ina 'yar shekara tara Baba ya kwaso mu daga unguwarmu ta Edmonton a Ingila, wai mu ga inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. A gindin kwazazzabon ya miƙo mini butarsa, cike da ruwan famfon gidanmu.

"Na alwalar Azahar ne, Uwata. Amana ce, ko ɗigo kar ya zube."

"Dakta, wurin ruwa fa za mu," in ji Mama.

"Kin taɓa ganin Musulmi ya yi tafiya ba buta?"

Na toshe bakin butar da babban yatsa. Na zame a laka, na ƙuje gwiwa, ban sake ta ba. Har yau ban kuma riƙe wata amana da zuciya ɗaya haka ba.

Da muka isa, rugugin ruwan ya cika mana kunne. Baba ya ce, "Subhanallahi!" Ya karɓi butar, ya zubar, ya ɗebi sabo.