Rabin Inci

"Cire takalmi," in ji tsohon da ke auna tsayin 'yan ƙwallon kwando. Saura mako guda ƙungiyoyi su yi zaɓen 'yan wasa, kuma rabin inci kan jefa mutum ƙasan jeri.

Saurayin da ke gabansa ya jingina da bango yana zufa. Wani abu ya yi ƙaras a cikin safarsa, ƙarƙashin diddige.

Tsohon ya san wannan ƙarar. Shekara arba'in da suka wuce, a nan Chicago, ita ta tona masa asiri aka mayar da shi gida, alhali mahaifiyarsa ta riga ta gayyato unguwa walima.

Ya rubuta tsayin yadda ma'auni ya nuna, sannan ya sunkuyo.

"Ɗana, in za ka sake, nemi tsohuwar jarida. Sabuwa surutu gare ta."