Mota Mai Fito

Tun kafin motar ta shigo garejin Louis, bayan kasuwar Roumdé Adjia a Garwa, Ilyasu ya ji ciwonta. Tana tari, tana wani siririn fito kamar buta a kan wuta. Da ya ɗaga kai ya ga tsohuwar koriyar mota 'yar Ingila, sai sifana ya suɓuce masa. Duk arewacin Kamaru ita kaɗai ce irinta, kuma ta Alhaji Hamadu ce na Domayo a Marwa, mahaifin Mairamu, yarinyar da yake neman aure.

Ita Mairamu, a abin da ya gaya mata, injiniya ne shi a Duwala. Ya gama jami'a daidai lokacin da gwamnati ta daina ɗaukar ma'aikata, kuɗin ƙasa ya karye, masu digiri suka koma achaba. Bakinsa ya kasa faɗa mata. Sai ya ƙawata ƙaryar da kwat na aro da tebur na aro, ya aika mata shaida, ya zo Garwa ya shige ƙarƙashin motoci. Ya bar gemu. In ya hango ɗan Marwa a kasuwa, sai ya sauya layi.

Ya yi wuf ya shafa baƙin mai a kumatu. Allah ya taimake shi, direban baƙon fuska ne, wani dattijo mai suna Zacharie.

"Jam na, ɗana, kana lafiya? Kai ne mai gemun da ya iya kafireta biyu?"

"Ni ne, Baba. Daga ina?"

"Daga Marwa na lallaɓo ta."

"Duk kanikawan Domayo sun ƙare ne?"

"Ni ɗan aike ne. Nan aka ce in kawo ta."

Ilyasu bai tsaya kan maganar ba. Abin da ke gabansa ɗaya ne: ya gyara motar ta bar Garwa kafin wani ya kira sunansa a kunnen direban. In labari ya kai Domayo, ba Mairamu kaɗai zai rasa ba, ko titin gidansu ba zai sake iya bi ba.

Ya buɗe inji. Kafiretocin biyu na zaune gefe da gefe kamar tagwaye. Irin wannan inji ba ya son son kai: in ɗaya ta sha iska fiye da 'yar'uwarta, duk motar ce za ta rikice. Ya ɗiga fetur a gindin ta gaba, ƙarar inji ta canja. Ya ɗiga a gindin ta baya, haka nan. Ciwon dai a juwan yake, wato kwalin nan mai rami a tsakiya da ake shimfiɗawa tsakanin kafireta da inji don kada iska ta saci hanya.

Notocin ba su yi masa gardama ba, alamar ba a daɗe da taɓa su ba. Ya ɗaga kafireta ta baya, ya ɓamɓaro juwan, sai ya ga ba kwalin kanti ba ne. Takarda ce mai kauri da sheƙi, an yanke ta da almakashi tsaf, baki ya daidaita kamar wuyan riga a hannun tela. Ya goge ta. Hoto ne aka yanka. A gefen ramin ana ganin maɓallan riga da bakin wani tebur.

"Baba, wa ke yin juwan da hoto? Ai fetur narkar da shi yake."

"Na asalin sun ruɓe. Na zaga Marwa, babu. Ina neman kwali a gida, sai 'yar maigida ta ce in kawo tsofaffin ta gwada. Da kanta ta yanka."

Jin an ambaci Mairamu, Ilyasu ya ƙara sunkuyar da kai cikin inji. Sai ya ɓige da raha.

"Mai hoton nan dai ba shi da gata. A rasa inda za a ajiye mutum sai ƙarƙashin kafireta!"

Sauran kanikawa suka kwashe da dariya. Zacharie bai yi ba. Kallonsa kawai yake, yana juya hularsa a gwiwa.

Ilyasu ya kwance ta gaba. Wannan karon ramin daidai kan mutumin ya faɗa: fuska ta tafi gaba ɗaya, saura kunne ɗaya da gefen gashi. Ya ɗaga shi sama zai nuna wa abokan aikinsa su ƙara dariya, sai hannunsa ya tsaya. A jikin kunnen akwai kan tarho, irin wanda mai ɗaukar hoto ke ajiyewa a tebur ba tare da waya a jikinsa ba. Yatsun da ke riƙe da tarhon kuwa, ƙaramin cikinsu a lanƙwashe yake, daidai da wanda ke riƙe da kwalin yanzu.

Ƙarar guduma da hayaniyar kasuwa duk suka yi masa nisa. Ya so ƙasa ta tsage. Baƙin man da ya shafa ya ji yana narkewa da gumi, yana gangarowa cikin gemun.

Zacharie ya miƙe, ya matso ya rage murya.

"Ta ce in ka gane hoton, in gaya maka: fuskar tana wurinta. In kana so, ka zo ka karɓa, amma da kayan aikin nan na jikinka, don kwat ɗin tun farko ya yi maka yawa."