Rediyon Zaure

Wata la'asar a Tudun Wada, ina ɗan shekara goma sha biyu, Baba da Inna suna gaba, ni nake kai musu saƙo. Na gudu zaure na manna rediyo a kunne. Baba ya ɗaga hannu zai mare ni, sai kakata ta riƙe shi ta ce, "Ƙyale shi. Ba rediyon yake so ba, ku yake gudu."

A shekarun da bama-bamai suka hana yara fita, ni ma na yi gaba da matata, 'yarmu Hauwa ke kai saƙo. Ta koma wuni a intanet, karatu ya lalace. Na fasa wayarta, babu mai riƙe hannuna. Har yau gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da Hauwa.